BABI NA UKU: KOYON SANA'A DA RAYUWAR AIKI TA MASASSAƘAN DUTSEN KABARI NA FARKO A SABUWAR INGILA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin yadda masassaƙan dutsen kabari na farko a yankin Sabuwar Ingila, wato arewa maso gabashin ƙasar Amurka ta yau, suka koyi sana'arsu, da kuma yadda suka gudanar da ita tun daga tsakiyar ƙarni na 17 har zuwa farkon ƙarni na 19. Abin da ake nufi da dutsen kabari a nan shi ne faffaɗan dutse mai kama da allo da ake kafawa a wajen kan mamaci, a rubuta sunansa da shekarunsa da ranar rasuwarsa, sannan a yi masa zane a sama da gefuna. Babin zai waiwayi samuwar sana'ar, da hanyoyin shigarta, da matakan koyonta, da kayan aikinta, da yadda masu ita ke samun abin masarufi. Manufar ita ce a nuna cewa dutsen da ake jingina wa gwani guda ɗaya, sau da yawa aikin hannuwa ne da dama, na maigida da 'ya'yansa da yaran shagonsa, wani lokaci har da bayinsa, kuma tsarin koyon sana'a shi ne ya haɗe waɗannan hannuwa suka zama kamar hannu guda.

3.1 Samuwar Sana'ar

Turawan Ingila sun fara zama a Plymouth a shekarar 1620, sannan wata babbar ƙungiya ta mabiya ɗariƙar Furitan ta kafa birnin Boston a shekarar 1630. A shekarun farko na zamansu ba su da masassaƙan da suka keɓe ga aikin kabari. Galibi akan kafa itace ne ko wani dutse da aka tsinta a gona, a ɗan karta haruffan farko na sunan mamaci. Itatuwan sun ruɓe tuntuni, don haka abin da ya rage na wannan zamani kaɗan ne.

Daga wajejen shekarar 1670 ne aka fara ganin duwatsu masu kyakkyawan rubutu da zane a maƙabartun Boston da garin Charlestown da ke maƙwabtaka da ita. Masana suna jingina mafi yawansu ga wani gwani da sunansa bai zo a cikin takardun da suka rage ba, suna kiransa da laƙabin tsohon masassaƙin Charlestown. A bayansa aka sami William Mumford (1641-1718) a Boston, da Joseph Lamson (1658-1722) a Charlestown. A garin Newport na Rhode Island kuwa, John Stevens, wani magini da ya yi ƙaura daga Ingila, ya buɗe shagonsa a shekarar 1705.

An daɗe ana zaton cewa daga Ingila ake shigo da waɗannan duwatsu a cikin jiragen ruwa. Forbes (1927) ce ta fara rushe wannan zato, inda ta bi takardun kotunan rabon gado ta tarar da sunayen mutanen gida da aka biya kuɗin sassaƙa. Binciken nata shi ne tushen duk wani nazari da ya biyo baya a kan wannan fage.

3.2 Hanyoyin Shiga Sana'ar

Idan aka dubi tarihin mutanen da aka gano, za a ga cewa akwai manyan hanyoyi uku da mutum ke bi ya sami kansa a cikin wannan sana'a. Hanyoyin su ne yarjejeniyar koyo, da gado, da kuma bauta.

3.2.1 Yarjejeniyar Koyo

Tsarin koyon sana'a da baƙin suka zo da shi ya samo asali ne daga Ingila, inda wata doka ta shekarar 1563, a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ta wajabta wa mai son yin sana'ar hannu ya yi shekara bakwai a ƙarƙashin maigida. A Sabuwar Ingila babu ƙungiyoyin masu sana'a masu ƙarfi irin na biranen Turai, ga kuma ƙarancin ma'aikata, saboda haka wa'adin yakan gaza haka ko ya zarce, gwargwadon shekarun yaro. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne yaro ya zauna har ya cika shekara 21.

Akan rubuta yarjejeniyar ne tsakanin maigida da mahaifin yaro. Idan yaron maraya ne ko ɗan matalauta, hukumar gari ce ke tsaya masa. Sharuɗɗan da ke kan yaro sun haɗa da yi wa maigida biyayya, da riƙe asirin sana'arsa, da barin caca da zuwa mashaya, da rashin yin aure ko barin gida ba da izini ba. Shi kuma maigida zai ɗauki nauyin ci da sha da sutura da makwancin yaro, ya koya masa sana'a, a ƙarshen wa'adi kuma ya sallame shi da tufafi, galibi kaya biyu, na aiki da na zuwa coci. Yaron da ya gudu kafin cikar wa'adi akan yi cigiyarsa a jarida, kuma doka na iya mayar da shi.

Wani sharaɗi mai muhimmanci ga wannan nazari shi ne na karatu. Dokar Massachusetts ta shekarar 1642 ta ɗora wa iyaye da iyayengiji alhakin ganin cewa yaran da ke hannunsu sun iya karatu. Ga ɗan koyon sassaƙar dutsen kabari wannan sharaɗi wani ɓangare ne na sana'ar kanta, domin rabin aikinsa rubutu ne.

3.2.2 Gado

Hanya ta biyu, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce gado. Joseph Lamson ya koya wa 'ya'yansa Nathaniel da Caleb, su kuma suka miƙa wa nasu 'ya'yan, har shagon ya kai zuriya ta huɗu yana aiki. Haka abin yake a gidan Stevens, inda John Stevens na Biyu da ɗan'uwansa William suka gaji mahaifinsu, daga baya John Stevens na Uku ya karɓa. A Connecticut, Zerubbabel Collins (1733-1797) ya koya a hannun mahaifinsa Benjamin Collins. Akwai kuma gidan Foster a Dorchester, da gidan Soule a Plympton, da gidan Park a Groton.

Dalilin da ya sa gado ya yi ƙarfi a bayyane yake. Mai wannan sana'a yana bukatar kayan aiki, da fili, da hanyar samun dutse daga mahaƙa, da kuma amincewar jama'ar gari, waɗanda duk abubuwa ne da ɗa ke samu a sauƙaƙe daga mahaifinsa. Bugu da ƙari, uba ba ya bukatar rubuta yarjejeniya da ɗansa, don haka irin wannan koyo ba ya barin takarda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa duwatsun kansu suka zama babbar hujjar masu bincike.

3.2.3 Bauta

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi jinkirin yin magana a kanta. Newport na ɗaya daga cikin manyan tasoshin cinikin bayi na Arewacin Amurka a ƙarni na 18, kuma masu sana'o'in garin, har da gidan Stevens, sun mallaki bayi 'yan asalin Afirka da ke aiki a shagunansu. A wani sashe na babbar maƙabartar garin, inda aka binne baƙaƙen fata, akwai dutsen wani mai suna Cuffe Gibbs wanda ya rasu a shekarar 1768. Rubutun da ke jiki ya bayyana cewa Pompe Stevens ne ya sassaƙa shi domin tunawa da ɗan'uwansa. Sunan Cuffe ya samo asali ne daga Kofi, sunan da Akan na ƙasar Ghana ta yau ke raɗa wa namijin da aka haifa ranar Juma'a.

Ana lissafa wannan dutse a cikin ayyukan fasaha mafi daɗewa a Amurka da ke ɗauke da sunan baƙar fatan da ya yi su. Ingancin rubutunsa ya nuna cewa mai shi ya daɗe yana aikin. Ke nan akwai wasu duwatsu da dama da hannunsa ya taɓa, waɗanda suka fita daga shago da sunan ubangidansa. Bambancin bawa da ɗan koyo shi ne, ɗan koyo yana da ranar sallama, yana kuma iya buɗe nasa shagon, shi kuwa bawa ƙwarewarsa ƙarin dukiya ce ga wanda ya mallake shi.

3.3 Matakan Koyo

Ba a ba sabon yaro dutse mai tsada ya yi rubutu a kai, domin kuskure ɗaya na iya jawo asarar aikin kwanaki. Yaro kan fara ne da aikin ƙarfi, kamar ɗaukar dutse, da share shago, da wasa bakin kurfi, da yanka dutse da zarto, da goge fuskarsa da yashi da ruwa har ta yi sumul. Daga nan sai a koya masa ja layi da rula da zana da'ira da kamfas. A jikin duwatsu da yawa har yau ana iya ganin siraran layukan da aka ja domin daidaita tsayin haruffa.

Mataki na gaba shi ne zanen gefe, wato ganyaye da furanni da 'ya'yan itatuwa da ake maimaitawa daga sama zuwa ƙasa. Tun da maimaici ne, hannun yaro kan saba da shi da wuri. Bayan haka sai zanen sama, wanda shi ne idon mai kallo ke fara sauka a kai, sai kuma rubutu. Akan yanka kowane harafi ne daga ɓangarori biyu su haɗu a tsakiya, yadda inuwa za ta zauna a cikin ramin, harafin ya fito sarai ko daga nesa. An sha tarar da haruffa da zane-zanen gwaji a gindin dutse, wato sashen da ke shiga cikin ƙasa, abin da ke nuna cewa nan ne wurin da ake gwada hannu ba tare da ɓata aiki ba.

Duk da wannan horo, kurakurai ba su ƙare ba. Akwai duwatsun da aka manta harafi aka dawo aka liƙa shi ƙarami a saman layi, da waɗanda aka juya harafi baibai, da waɗanda aka kankare kalma aka sake rubuta wata a cikin gurbin. Irin waɗannan alamomi na nuna tsadar dutse, domin gyara ya fi sauƙi a kan a jefar da shi a ɗauko sabo.

Abin lura a nan shi ne, ba a koya wa yaro ya ƙirƙiro nasa salon. Ana koya masa ne ya kwaikwayi hannun maigida, har mai saye ya kasa bambance aikinsu. Sai bayan ya sami 'yancin kansa ne wasu 'yan bambance-bambance ke fitowa, kamar yadda yake zana ido ko gashin fuka-fuki ko wutsiyar wani harafi.

3.4 Dutse da Kayan Aiki

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai gudumar itace, da kurfi iri-iri manya da ƙanana, da zarto, da rula, da kamfas, da dutsen wasa. Maƙerin gari ne ke ƙera kurfin, shi ne kuma ke gyara shi idan ya dakushe, don haka akwai dangantaka ta kusa tsakanin sana'o'in biyu.

Irin dutsen da ke kusa da mutum shi ke tsara salon aikinsa. A kewayen Boston da Newport an fi amfani da dutsen silet, wato dutse mai launin toka ko baƙi-baƙi da ke rabewa falle-falle, irin wanda ake yin allon 'yan makaranta da shi. Yana karɓar siririn zane, yana kuma jure ruwa da sanyi, shi ya sa rubutun da aka yi shekara ɗari uku da suka wuce yake karantuwa har yau. Ɗaya daga cikin sanannun mahaƙunsa ita ce ta Pin Hill da ke garin Harvard na Massachusetts. A kwarin kogin Connecticut kuwa, jan dutse mai yashi-yashi ne ya fi yawa, musamman a wajen da ake kira Portland a yau. Yana da taushin sassaƙa, amma ba ya karɓar ƙananan layuka, kuma yana ɓarewa idan ruwa ya shige shi ya daskare. A ƙarshen ƙarni na 18 aka fara cin moriyar farin dutsen mabul na Vermont, kuma Zerubbabel Collins na cikin waɗanda suka koma can, ya zauna a garin Shaftsbury.

3.5 Rayuwar Aiki da Neman Abinci

A farkon al'amari, da wuya a sami wanda ya dogara ga sassaƙar dutsen kabari kaɗai. Jama'ar garuruwan ba su da yawa, kuma ba kowane gida ne ke da halin sayen dutse ba. Littattafan lissafin gidan Stevens sun nuna cewa suna gina harsashin gida da murhu da bututun hayaƙi, suna yin yaɓe, tare da aikin kabari. A ƙauyuka kuwa mafi yawan masassaƙan manoma ne, waɗanda ke komawa ga dutse idan aikin gona ya lafa, musamman a lokacin hunturu.

Misali mafi bayani shi ne na Joshua Hempstead (1678-1758) na garin New London a Connecticut, wanda ya riƙa rubuta abin da yake yi kullum daga shekarar 1711 har zuwa shekarar rasuwarsa. Shi manomi ne, kuma kafinta, kuma mai awon filaye, kuma alƙalin sulhu, sannan yana rubutu a kan dutsen kabari. Yakan sayi duwatsun da wasu suka riga suka yi wa zane, shi kuma ya sa musu haruffa. Wannan ya tabbatar da cewa dutse ɗaya na iya ratsa hannun mutane biyu da ke garuruwa daban-daban.

Manyan shaguna kan tanadi duwatsu masu zane a ajiye, a bar tsakiyarsu babu rubutu. Idan dangin mamaci suka zo sai su zaɓa, a rubuta abin da suke so. Kuɗin yakan danganta ga girman dutse da yawan zane, kuma akan yi lissafin rubutu bisa adadin haruffa. Sau da yawa akan yi odar duwatsu biyu, babba na wajen kai da ƙarami na wajen ƙafa. Saboda ƙarancin tsabar kuɗi a wancan zamani, biya kan kasance da hatsi ko itace ko wani aikin musaya, kuma idan daga dukiyar mamaci za a biya, mai aiki kan jira har a kammala rabon gado. Akwai kuma duwatsun da aka kafa shekaru da yawa bayan rasuwar mai su, don haka shekarar da ke jikin dutse ba kullum ce shekarar sassaƙa shi ba.

Jigila ma wani babban al'amari ne. A kan tudu amalanken shanu ne ke ɗaukar dutse, ga nauyi ga munin hanya, shi ya sa masassaƙin ƙauye ba ya wuce garuruwan da ke kewaye da shi. Waɗanda ke bakin teku kuwa sun sami kasuwa mai faɗi. Duwatsun Boston da Newport sun isa tsibirin Long Island, inda babu dutsen da ya dace da wannan aiki, sun kuma isa birnin Charleston na Carolina ta Kudu. A can an sami duwatsun da ke ɗauke da sunan William Codner na Boston. Sa suna a kan dutsen da za a kai nesa wata hanya ce ta tallar shago.

3.6 Matsalar Gane Mai Aiki

Mafi yawan duwatsun ba su ɗauke da sunan wanda ya yi su. Masu bincike kan bi hanyoyi uku wajen gano shi. Ta farko ita ce takardun rabon gado, inda mai kula da dukiyar mamaci ke rubuta wanda ya biya da abin da ya biya. Ta biyu ita ce 'yan duwatsun da aka sa wa suna ko haruffan farko na suna, kamar yadda Nathaniel da Caleb Lamson suka yi a wasu ayyukansu na ƙuruciya. Ta uku ita ce kwatanta salo, wato a ɗauki dutsen da aka tabbatar da mai shi a gwada shi da sauran.

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da rauni. Takardar kotu tana nuna wanda ya karɓi kuɗi ne, wanda galibi shi ne maigidan shago, ko da kuwa ɗansa ko yaronsa ko bawansa ne ya riƙe kurfi. Kwatanta salo kuma yana cin karo da ainihin manufar koyon sana'a, wadda ita ce a mayar da hannun yaro irin na maigida. Saboda haka masana na baya-bayan nan sun fi son su ce dutse aikin shagon wane ne, maimakon su ce aikin wane ne.

3.7 Sauyin Zane da Sauyin Sana'a

Deetz da Dethlefsen (1967) sun nuna cewa zanen saman dutse ya bi matakai uku. Da farko ƙoƙon kan mamaci ne mai fuka-fukai, wani lokaci tare da ƙasusuwa da agogon rairayi. A tsakiyar ƙarni na 18 fuskar mala'ika mai fuka-fukai ta fara maye gurbinsa. A ƙarshen ƙarnin kuma zanen tulu da wata bishiya mai sunkuyayyun rassa, wadda ake kira wilo, ya mamaye ko'ina. Sun danganta wannan ga sauyin tunanin jama'a game da mutuwa da addini. Wasu masana sun ja da wannan fassara, suna ganin cewa yayi da kasuwa da al'adar kowane shago suna da nasu tasirin. Tsarin koyo na goyon bayan wannan ra'ayi ta wani ɓangare, domin an ga shagunan ƙauye sun ci gaba da tsohon zanen da suka gada shekaru da dama bayan birni ya bar shi.

A ƙarni na 19 sana'ar ta sauya kama. Farin mabul ya kori silet, littattafan zane da aka buga suka sa aikin garuruwa ya zama iri ɗaya, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa kai dutse daga manyan mahaƙu zuwa ko'ina. Buɗe maƙabartar Mount Auburn kusa da Boston a shekarar 1831 ya kawo yayin manyan gine-ginen tunawa da mamata. Ƙananan shagunan gado da yawa suka rufe. Shagon Stevens na Newport ya tsira, John Howard Benson ya saye shi a shekarar 1927, kuma zuriyarsa ce ta yi rubutun da ke kabarin Shugaba Kennedy a Arlington da na wurin tunawa da Martin Luther King a birnin Washington, wanda aka buɗe a shekarar 2011.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sassaƙar dutsen kabari a Sabuwar Ingila ta faro a matsayin aikin gefe na magina da manoma, kafin ta zama sana'ar gado a wasu gidaje. An bayyana hanyoyi uku na shigarta, da matakan da ɗan koyo ke bi daga gugar dutse zuwa rubutu, da yadda irin dutse da hanyar jigila da yanayin biya suka tsara rayuwar masu ita. An kuma nuna cewa tsarin koyo ya ba kowane shago salon da ake gane shi da shi, amma a lokaci guda ya ɓoye sunayen 'ya'ya da yaran shago da bayin da suka yi kaso mai yawa na aikin. Dutsen da Pompe Stevens ya yi wa ɗan'uwansa da ya rasu a shekarar 1768 na daga cikin 'yan wuraren da ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya sami damar rubuta sunansa da hannunsa.